Wa ya busa ƙahon nan? Muhawara kan tsofaffin faya-fayan jaz

Abban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Masu sanin tsohon kiɗa dan Allah ku zo ku taya ni. Ranar Asabar na shiga wani shagon gwanjo a nan Landan sai na ci karo da kwali cike da faya-fayan garmaho irin na dauri, masu nauyin nan da in ɗaya ya suɓuce sai ya tarwatse kamar tangaran. Na ɗauki uku. Ɗaya tambarin Harmony ne a jikinsa, an rubuta sunan waƙa, a ƙasa an sa The Dixie Stompers, shi ke nan. Ba sunan mai ƙaho, ba na mai fiyano, ba na mai ganga, ko shekara babu. Da na bincika sai na ga ashe mutanen Fletcher Henderson, wani jagoran makaɗan jaz, ne suka ari wannan suna. To wannan dai an gano su, amma da na ci gaba da bin jerin faya-fayan shekarun 1920 sai in ta ganin an rubuta mai ƙaho ba a san shi ba, mai banjo ba a san shi ba, wani wurin a sa sunaye biyu da alamar tambaya. Ta yaya mutum zai yi busar da ake saurare bayan shekara ɗari amma a rasa sunansa? Abin ya tsaya min a rai wallahi.

Kawu Garba: Wa alaikumus salam. Ɗana ka yi tsintuwa. Kafin komai, kunna fitilar waya ka karkata faifan, ka duba filin nan mai sulɓi tsakanin inda layukan waƙa suka ƙare da takardar tsakiya. Za ka ga wata lamba an danna ta a jikin faifan. Ita ce lambar ɗauka, ba ita ce lambar da ke kan takarda ta masu sayarwa ba. Takarda ana iya canza ta a sa kowane suna, amma wannan tana biye da asalin abin da aka ɗauka ko da wani kamfani ya sake bugawa da wani sunan. Da ita masu bincike suke zuwa lejar kamfani su ga ranar da aka yi aikin.

Abban Khalifa: Na ganta Kawu, da ƙyar, sai da na goge da tsumma. To in akwai leja ai magana ta ƙare ko?

Kawu Garba: Ina fa. Leja ta ɗan kasuwa ce. Abin da ya dame su shi ne rana, sunan waƙa, sau nawa aka ɗauka, wanne aka zaɓa, wa za a biya. Wanda ake biya kuma jagora ne, shi zai raba wa yaransa. Ko kamfanin Victor da ake yabo wajen ajiye takardu, sau da yawa abin da za ka gani shi ne ƙaho biyu, kilarinet ɗaya, fiyano, banjo, wato sun ƙirga kayan kiɗa sun bar mutanen da ke riƙe da su. Wannan inda lejar ta tsira ke nan. Paramount, wanda asalinsa kamfanin kujeru ne a jihar Wisconsin kuma ya ɗauki Ma Rainey da Blind Lemon Jefferson da sauransu, ya daina ɗaukar sauti a 1932 kuma yawancin takardunsa sun salwanta. Ga kuma yaƙin duniya na biyu, shalak ɗin da ake yin faifai da shi daga Indiya da maƙwabtanta ake kawowa, ya yi wuya, sai aka riƙa tattara tsofaffin faya-fayai ana niƙewa a yi sababbi. Akwai faifan mai ƙaho King Oliver na 1923, Zulu's Ball, kwafi ɗaya tak aka sani a duniya.

Idi Mai Ƙaho: Kawu duk wannan gaskiya ne amma ni a nan nake da ja da masu takarda. Shekarata 22 ina busa, kuma na rantse kowane mai busa yana da murya kamar yadda kowa ke da muryar magana. Yadda yake kama harafin farko, yadda yake kaɗa sauti a ƙarshen jan numfashi, inda yake shaƙar iska, duk nasa ne. Ka ɗauki Blue Yodel No. 9 na Jimmie Rodgers, an ɗauka a Los Angeles a Yuli 1930, ba sunan mai ƙaho a jikin faifan ko kaɗan. Amma ko yaro ka kunna wa in dai ya san Louis Armstrong zai ce shi ne. Matarsa Lil Hardin ce a fiyano. A 1970 ma ya sake busa ta tare da Johnny Cash a talabijin. Kunne ya riga takarda sani.

Kawu Garba: Malam Idi ka zaɓi mai sauƙi. Armstrong a 1930 ai ko a cikin kasuwa ya busa za a gane. Kuma ka lura wannan ɗauka ce ta makirfo. Kafin 1925 babu lantarki a cikin aikin sam. Wani ƙaton mazurari ne ke fitowa daga bango, makaɗa su taru a bakinsa, iskar kiɗan ta bi ta ciki ta kaɗa wani siririn marfi, marfin ya kaɗa allura, allura ta yanka layi a kan kaki. Ba rage wannan ƙara wancan, in kana da ƙarfi a ce ja baya, in ba a jinka a ce matso. Lil Hardin ta ba da labarin cewa lokacin da suka je ɗauka da ƙungiyar King Oliver a kamfanin Gennett a garin Richmond na jihar Indiana a Afrilu 1923, sai da aka mayar da Armstrong can baya don kar ya danne Oliver. Baby Dodds mai ganga kuwa yawanci katako yake ƙwanƙwasawa domin babbar ganga tana sa allura ta yi tsalle. Ɗakin ma kusa da layin dogo yake, in jirgi zai wuce sai a dakata. Wannan na'ura tana yanke sautin ƙasa da na can sama, wato daidai abin da ke bambanta muryar mutum da ta wani shi take zubarwa. Harmony ɗin da ke hannun Abban Khalifa ma, tambarin araha ne na Columbia, sun ci gaba da amfani da mazurari shekaru bayan kowa ya koma lantarki.

Idi Mai Ƙaho: Ko a wayar da sabis ba kyau ai kana gane muryar ɗan uwanka Kawu.

Kawu Garba: Domin ka shekara talatin kana jinsa a fili. To faɗa min, faya-fayan da Oliver ya yi wa Columbia a Oktoba 1923, wa ke kan kilarinet? Jimmie Noone ko Buster Bailey? Mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna sauraron waɗannan faya-fayai sun rabu biyu a kai. Dukkansu kunne suke da shi.

Nura Damagaram: ni dai inata karantawa ina karuwa amma ina da tambaya, meyasa tun suna raye baa tambayesu ba? ai wasu sun kai har 1960 da 1970 ko

Anti Rabi: Nura an tambaye su, kuma a nan ma wata rigimar take. Ɗauki Crazy Blues na Mamie Smith, 10 ga Agusta 1920 a Niyok, kamfanin OKeh, faifan da ya nuna wa kamfanoni cewa baƙar fata ma suna sayen faifai da yawa. Wa ya kaɗa fiyano? Perry Bradford wanda ya rubuta waƙar ya ce shi ne. Willie "The Lion" Smith ya ce shi ne. Akwai hoton talla na ƙungiyar da Willie Smith yake zaune gaban fiyano, amma hoton talla ba shi ne ranar ɗauka ba. Kowanne ya tafi kabari a kan maganarsa. Kuma ba sai ka ce wani ƙarya yake ba, mutumin da ke shiga situdiyo sau biyu sau uku a mako, da safe bayan ya kwana yana kiɗa a kulob, a ba shi 'yan daloli ya wuce, ka zo bayan shekara 35 ka kunna masa minti uku ka ce wa ke tsaye a damanka. An yi ƙoƙari fa, Alan Lomax mai tattara waƙoƙin gargajiya ya zauna da mai fiyano Jelly Roll Morton a 1938 a Washington yana ɗaukar labarinsa, a 1958 kuma jami'ar Tulane a New Orleans ta fara tattara hirarrakin tsofaffin makaɗa. Sai dai a lokacin da yawa sun riga sun rasu.

Abban Khalifa: Anti to sunayen aron fa? Me ya kai su? Ni da na ɗauka mawaƙi suna yake nema.

Anti Rabi: Kwantiragi ne mafi yawa. In wani kamfani ya ɗaure ka, ga wani yana miƙo kuɗi, sai ka je ka yi da wani suna. Duke Ellington ya fito a matsayin The Jungle Band, ya fito a The Harlem Footwarmers, duk shi ne. Armstrong yana ƙarƙashin OKeh ya je ya yi wa Vocalion a 1926 aka sa Lil's Hot Shots. Amma akwai dalili na biyu da ya fi ci min rai, launin fata. Kamfanoni sun raba kasuwa gida biyu, faya-fayan baƙaƙe jerinsu daban, tallarsu daban, shagunansu daban. Eddie Lang, mai jita, ɗan asalin Italiya daga Philadelphia, sunansa na yanka Salvatore Massaro, da ya yi kiɗa da Lonnie Johnson a 1928 da 1929 sai aka rubuta shi Blind Willie Dunn, don mai saye ya ɗauka wani makaho ne baƙar fata daga kudu, kar a ga fari da baƙi a takarda ɗaya. Gennett kuma ta fitar da Ladd's Black Aces, sunan da ke nuna baƙaƙe ne, alhali fararen Niyok ne. Wannan Gennett ɗin dai da ta ɗauki Oliver da Armstrong ita ce kuma take buga wa 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen da ke ƙin baƙar fata, faya-fayansu in sun biya. Shi ya sa ba na yarda in aka ce sunayen nan ɓata kawai suka yi. Akwai wanda ya zauna ya yanke wa ya cancanci a rubuta sunansa.

Kawu Garba: Hajiya na yarda da rabi. Amma fararen ma ba a rubuta su ba. Ƙungiyoyin rawa na Niyok irin su California Ramblers sun yi faya-fayai barkatai da sunaye kala-kala, ba a jera sunan kowa. Al'adar sana'ar ce a lokacin, ɗan kiɗa lebura ne, kamar birkila da ba a rubuta sunansa a jikin gini.

Anti Rabi: Gaskiya ne Kawu, a kan takardar faifai kusan duk ɗaya ne. Bambancin yana wajen abin da ya rage a bayanta. Fari yana da jarida da ke bin sa, yana da hoto, yana da dangi da suka ajiye wasiƙu a akwati. Buddy Bolden, wanda tsofaffin New Orleans suka ce shi ne sarkin ƙaho na farko, an kai shi asibitin masu taɓin hankali a 1907 ya zauna har ya rasu a 1931, hoto ɗaya aka sani nasa, sautinsa kuwa ko na daƙiƙa ɗaya babu, sai jita-jitar wani ɗauka da aka yi ta nema ba a samu ba. Faifan da ake kira na farko a jaz kuma fararen Original Dixieland Jass Band ne suka yi wa Victor a 26 ga Fabrairu 1917. Mawaƙiya Bessie Smith da ta cika wa Columbia aljihu ta rasu a 1937, kabarinta ba dutse ba suna har 1970. In wannan ce makomar wadda sunanta ke kan faifai, yi tunanin yaron da ke kaɗa banjo a bayanta.

Idi Mai Ƙaho: Allah sarki. Wannan na Bessie ban taɓa sani ba.

Idi Mai Ƙaho: Amma bari in dawo kan maganata domin takarda ma tana ƙarya, har ta fi kunne. West End Blues da aka yi wa Victor a Janairu 1929, an rubuta King Oliver da ƙungiyarsa. Wa ya busa? Louis Metcalf. Oliver ciwon dasashi ya kama shi, haƙora suna ta lalacewa, kuma duk mai busa ya san in gaban bakinka ya tafi ka tafi. Ni na taɓa yin wata biyu ban taɓa ƙaho ba saboda haƙori ɗaya. Sai ya riƙa ɗauko matasa suna busa wuraren da ba zai iya ba, har da wani ɗan uwansa Dave Nelson. Mutumin da ya koya wa Armstrong, ya ƙare yana shara a gidan sunuka a Savannah, ya rasu a 1938. In da takarda aka bi ai da har yau ana cewa shi ne a kowane faifai. Masu kunne ne suka ce a'a, wannan ba bakin Oliver ba ne.

Kawu Garba: Wannan ka kama ni, ban musa ba. Amma ga ɗaya gefen. Bix Beiderbecke mai ƙaho, da rashin lafiya ta sa ba ya iya zuwa aiki kullum, jagoransu Paul Whiteman ya ɗauko Andy Secrest domin yana busa kamar shi. A faifan Frank Trumbauer na Afrilu 1929, Baby Won't You Please Come Home, su biyun duk suna ciki, kuma har gobe ana gardamar wane wuri na wane ne. Matsalar kunne ita ce yana da so. Mai son Bix duk busa mai daɗi zai ce Bix ne, mara daɗi ya jingina wa Secrest. Kuma faifan da aka ce akwai Bix ko Oliver a ciki kuɗinsa ya fi, to ka ga akwai masu amfana da a ce shi ne.

Nura Damagaram: to yanzu da AI yazo ba sai a bashi yaji ya fadi ba? tunda yana gane muryar mutum

Kawu Garba: Na'ura kwatantawa take yi Nura. Sai ka ba ta abin da ka tabbatar na wane ne sannan ta auna sabon da shi. In abin da ka ba ta tun farko hasashe ne da wani ya rubuta aka yi ta kwafa, to hasashen za ta mayar maka. Wanda kuma bai taɓa yin faifai da sunansa ba, da me za a auna shi? Ƙari a kan haka faya-fayan nan ba duka ke juyawa sau 78 cif a minti ba, wani injin ɗauka yana ɗan gudu wani yana ɗan ja, in ka kunna ba daidai ba muryar kiɗan ta hau ko ta sauka, kaɗawar sautin da Malam Idi ke magana a kai ita ma ta canza. Inda na ga kwamfuta ta yi amfani shi ne wajen share ƙarar tsatsa da gyara gudun, sai kunnen mutum ya ji da kyau.

Anti Rabi: Maganar kwafa ɗin nan muhimmiya ce. Jerin sunayen da Abban Khalifa yake gani a intanet ba daga sama suka faɗo ba. Charles Delaunay a Faransa ya fitar da kundinsa a 1936, sannan Brian Rust ɗan Ingila ya yi babban kundin da ya tattara faya-fayan jaz daga 1897 zuwa 1942, wanda kusan kowa ke komawa gare shi. Aikin ƙwarai suka yi, suna rubuta wasiƙu, suna bin tsofaffin makaɗa, suna tonon leja. Inda ba hujja sai su sa abin da kunne ya ba su, wani lokaci da alamar tambaya. Sai mai sake buga faifai ya kwafa ya yar da alamar tambayar, na bayansa ya kwafa daga gare shi, kafin ka ankara ya zama tarihi. Ni in na ga an rubuta ba a san shi ba raina ya fi kwanciya da in ga an cusa babban suna, aƙalla an bar wa mai gurbin gurbinsa.

Baba Kumasi: 'Ya'yana ina jinku tun ɗazu. Ku sani ba Amurka kaɗai ba. A daidai wannan zamanin, wajen 1927 zuwa 1929, kamfanin Zonophone ya ɗauki mutanen Afirka ta Yamma a Landan ana kawo faya-fayan nan ana sayarwa, da Fanti da Twi da Ga da Yarabanci, har da Hausa a ciki. Kumasi Trio an san su, amma da yawa daga sauran sai suna kawai, ba a san daga wane gari suke ba ko ina suka ƙare. Armstrong ɗin da kuke ta ambato ya zo mana Accra a 1956.

Kawu Garba: Mu ma ya zo Kaduna a 1960 Baba, akwai hotonsa da Sardauna. Kuma tunda ka taɓo nan bari in faɗi abin da ke damuna. A gidan rediyon da na yi aiki, ba zan kama suna ba, da hannuna na sha rubuta bayan kwalin tef. Sunan mawaƙi, sunan waƙa, tsawon minti. Ban taɓa rubuta sunan mai kalangu ko 'yan amshi ba, ba kuma wanda ya ce in rubuta, alhali suna zaune a tabarma a gabana muna gaisawa, wasu har shayi muke sha tare. Daga baya da tef ya yi tsada aka riƙa goge tsofaffi ana ɗora sabon shiri a kai. Da na fara karanta labarin lejar Victor sai jikina ya yi sanyi, domin abin da magatakardansu ya yi shi na yi. Abin da ya ɗan cece mu shi ne makaɗanmu sukan kira sunan yaransu a cikin waƙa.

Idi Mai Ƙaho: Su ma sun yi haka wani lokaci Kawu. A Gut Bucket Blues na 1925 Armstrong yana kiran sunan kowa yana busa ko yana kaɗawa, Johnny St. Cyr, Lil, Kid Ory, Johnny Dodds. Wannan faifan ba mai gardama a kansa.

Abban Khalifa: Kawu dan Allah waɗanda kake tunawa ka rubuta su tun yanzu, ko a nan ne, da sunan mawaƙin da suka bi da shekarar in ka tuna.

Kawu Garba: Zan zauna in yi in sha Allah, wasu fuskarsu nake gani sunan ya tafi, amma akwai abokin aikina ɗaya da ke raye zan kira shi. Kai kuma ɗauki hoton lambar nan ka turo, da na sauran faya-fayan biyu gaba da baya. Kar ka wanke su da sifirit ko turare, shalak narkewa yake, ruwa kaɗan da tsumma mai laushi ya isa, kuma kar ruwan ya taɓa takardar.

Idi Mai Ƙaho: In ka samu inda za ka kunna ka ɗauko mana sautin ma, amma kar ka faɗa min abin da kundin ya ce tukuna. Ina so in fara ji da kunnena in faɗi wanda nake zato, sannan Kawu ya buɗe littafi mu gani.

Abban Khalifa: To shi ke nan. Akwai wani dattijo maƙwabcina mai garmaho irin wanda ake murɗawa da hannu, gobe in na taso daga aiki zan ƙwanƙwasa masa.